Hamlet Uku Ne: Inda Bugun 1603, Na 1604 Da Na 1623 Suka Saɓa Wa Juna

Babu inda za ka je a duniya a nuna maka takardun da William Shakespeare ya rubuta wasan Hamlet da hannunsa. Sun ɓace. Abin da ya rage littattafai ne guda uku da aka buga a Landan tsakanin 1603 da 1623, kuma ukun nan bakinsu bai zo ɗaya ba. Sun saɓa a tsawo, sun saɓa a sunayen mutanen cikin wasan, sun saɓa a jerin fitowa, har ma a matsayin uwar Hamlet, yariman Denmak da wasan ke ba da labarinsa, game da kisan mijinta, wanda ƙanensa ya kashe ya aure ta. Shi kuwa Hamlet ɗin da aka daɗe ana koyarwa a makarantu, na huɗu ne. Editoci ne suka ɗinke biyu daga cikin ukun wuri guda, kimanin shekara 100 bayan rasuwar marubucin a 1616, kuma babu wata shaida da ke nuna an taɓa yin wasan a wannan siga yana raye.

Sunayen littattafan daga ninkin takarda suka samo asali. Idan aka ɗauki babban falle aka ninka shi sau biyu, sai a samu ganye 4, wato shafi 8. Wannan shi ne kwato, ƙaramin littafi mai araha da ake sayarwa kamar sisi. Idan sau ɗaya aka ninka, ganye 2 za a samu masu faɗi, shi ne foliyo. Hamlet ya fito a kwato a 1603, ya sake fitowa a wani kwaton a 1604, sannan ya shiga babban foliyon 1623, wanda abokan aikin Shakespeare guda biyu, John Heminges da Henry Condell, suka tara wasanni 36 a cikinsa. Manazarta kan taƙaita su da Q1, Q2 da F.

Q1 shi ne gajere, layi kimanin 2,200. Valentine Simmes ne ya buga wa Nicholas Ling da John Trundell. Fiye da shekara 200 ba a ma san da shi ba, sai a 1823 Sir Henry Bunbury ya tsinci kwafi guda a gidansa da ke Suffolk, ganyen ƙarshe ya yage. A 1856 wani kwafin ya ɓullo a Dablin, shi kuma ba shi da shafin farko. Su ke nan a duniya: na farko yana ɗakin karatu na Huntington a Kalifoniya, na biyu yana babban ɗakin karatun Birtaniya. Q2 shi ne mafi tsawo, layi wajen 3,800. James Roberts ya buga, Ling ɗin nan dai shi ne mai sayarwa, kuma shafin farkonsa na cika baki cewa an ƙara shi har ya kusan ninka na da, bisa ingantaccen kwafi. Kwafi 7 suka rage. F kuma ya rasa layi kimanin 230 da ke cikin Q2, amma yana da fiye da 70 da Q2 bai da su, ban da ɗaruruwan kalmomi da suka canja ɗaya-ɗaya.

Abin da ke faruwa a maɗaba'a

Kafin a ce marubuci ne ya sauya kaza, sai an fara tace abin da injin ɗab'i da ma'aikatansa kan jawo. Mai jera haruffa yana tsaye gaban akwati mai gida-gida, yana tsintar haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya, yana jera su a juye. Idan an gama buga falle, a wargaza haruffan a mayar da kowanne gidansa. Harafi ya faɗa gidan da ba nasa ba, gobe a tsinto shi ba a duba ba, ya shiga kalma. Harafin n ya kife ya koma u. Doguwar s ta wancan zamani kuma tana kama da f. Ga rubutun hannun lokacin, inda a da u kan rikice idan marubuci bai rufe saman harafin ba.

Foliyon yana da tasa matsalar daban. Falle 3 ake cusawa cikin juna su ba da shafi 12. Haruffan maɗaba'ar William da Isaac Jaggard ba su isa a jera shafuka da yawa a ajiye ba, don haka daga tsakiya ake farawa, shafi na 6 da na 7, a yi ta fitowa waje har a kai na 1 da na 12. Ke nan dole wani ya ƙiyasta tun farko yawan rubutun hannun da zai cika kowane shafi. Kamar tela ne da ya yanka yadi da ido: in ya rage sai a matse, in ya yi yawa sai a baza. Idan wuri ya ƙure, mai jerawa kan mayar da baitin waƙa zube, ya gutsure bayanin shiga da fita, wani lokaci ya zubar da kalma. Charlton Hinman ne ya warware wannan a littafinsa na 1963, bayan ya gwada kwafin foliyo fiye da 50 a ɗakin karatu na Folger da ke Washinton da wata na'urar madubai da ya ƙera da kansa. Ana gane masu jerawar ta ɗabi'ar rubutunsu, wani ya saba da "do" da "go", wani "doe" da "goe". Cikin waɗanda suka taɓa Hamlet akwai wanda ake kira B, ƙwararre mai saurin hannu da son gyara abin da ba a sa shi ba, da wanda ake kira E, ɗan koyo mai yawan kuskure.

Sannan gyara ana cikin bugawa ake yinsa. Mai dubawa yana karanta fallen farko inji na ci gaba da aiki, in ya ga kuskure a tsaya a gyara, amma ba a zubar da waɗanda aka riga aka buga, don takarda na da tsada. Shi ya sa daga kwafi 7 na Q2, guda 3 na ɗauke da shekarar 1604, guda 4 kuma 1605. Bugu ɗaya ne, an canja lambar ne ana tsakiyar aiki.

Kalma ɗaya, waƙafi ɗaya

A zancen zucinsa na farko, Hamlet yana fatan jikinsa ya narke ya zama raɓa. F ya ce jikin "solid" ne, wato mai tauri, abin da ya dace da narkewa. Q1 da Q2 sun ce "sallied", wanda John Dover Wilson da wasu suka ɗauka a matsayin "sullied", wato gurɓatacce, abin da ya dace da mutumin da ke ƙyamar auren uwarsa da ƙanen ubansa. Masu wannan ra'ayi na da hujja mai kyau: a kashi na 2 na wasan, inda Polonius, babban bafaden sarki, ke maganar shafa wa ɗansa Laertes ɗan tabo, Q2 ya sake rubuta "sallies", F kuma ya rubuta shi da u. Sai dai kada a ce shaidu biyu sun rinjayi ɗaya. A kashi na 1, Q2 ya yi tarayya da Q1 a wasu baƙin rubuce-rubuce da ba za su zo bisa dace ba, alamar mai jera haruffan Roberts yana leƙa bugun 1603 duk inda rubutun hannun ya gagare shi. A wannan yanki, yardar Q1 da Q2 tana iya zama shaida ɗaya da aka maimaita.

Wani wurin kuma kalmomin duk iri ɗaya ne, alamun tsayawa ne suka raba gari. A jawabin da Hamlet ke yabon halittar ɗan Adam, waƙafin Q2 ya sa mutum ya yi kama da mala'ika wajen fahimta, sannan kamanninsa da abin bauta ya tsaya shi kaɗai. A F kuwa wajen aiki ne yake kama da mala'ika, wajen fahimta kuma da abin bauta. Ɗan wasa ba zai iya faɗin duka biyun ba, dole numfashinsa ya tsaya a wuri ɗaya.

Akwai canje-canjen da doka ta jawo. A 1606 majalisar Ingila ta sa tarar fam 10 ga duk wanda ya ambaci sunan Allah ko na Almasihu cikin raha a dandamali. Q2 ya riga dokar, F ya biyo bayanta. Inda Hamlet na Q2 ya yi wata rantsuwa mai nauyi yana tambayar abokin karatunsa Guildenstern ko ya ɗauke shi ya fi sarewa sauƙin busawa, F ya sa "Why" kawai. Yana gab da mutuwa, a Q2 ya kira "God", a F harafi ɗaya ya ƙaru ya zama "good Horatio", wato yana kiran amininsa Horatio. Sharar ba ta game ko'ina ba, an bar wasu, amma duk inda F ya fi Q2 laushin baki, wannan dokar ce abin fara tuhuma.

Q2 da F: rage aka yi, ko sake tunani?

Nan ne maganar ta fi nauyi. Galibin manazarta sun tafi a kan cewa Q2 daga takardun marubucin aka jera shi, da gogensu da gyare-gyarensu, shi ya sa yake da wurare masu duhu kamar "dram of eale" da har yau ba a daidaita a kan ma'anarsa ba. F kuma daga kwafin da ya bi ta hannun 'yan wasa ya fito. Tsohon ra'ayi ya ce 'yan wasa ne suka datse wasan don ya yi musu tsawo, saboda haka aikin edita shi ne ya mayar da duk abin da aka cire. To amma in don tsawo ne, layi 230 daga cikin 3,800 bai rage komai ba, balle ga wasu fiye da 70 sun shigo.

A duba abin da ya fita. Jawabin Horatio a kan alamun da aka gani a Rum kafin kisan Julius Caesar babu shi a F. Dogon bayanin Hamlet a kan yadda aibi guda ke ɓata mutum, shi ma babu. Mafi girma shi ne fitowa ta 4 a kashi na 4. A Q2 Hamlet ya ga rundunar Fortinbras, yariman Norwe, za ta wuce Folan, ya tambayi wani hafsa, aka ce masa a kan ɗan filin da bai kai a noma ba za a yi yaƙin, sai ya yi zancen zucinsa na ƙarshe yana zargin kansa da jinkiri. A F Fortinbras ya ba hafsan saƙo a 'yan layuka, ya wuce, Hamlet bai ko fito ba.

Yanzu a sa ido a kan Rosencrantz da Guildenstern, don a nan ɗinkin ke nuna zarensa. A Q2, ƙarshen fitowar ɗakin sarauniya, Hamlet ya gaya wa uwarsa cewa ya san an hatimce wasiƙun da za a tura shi Ingila da su, kuma abokan karatun nan nasa biyu zai yarda da su ne kamar yadda ake yarda da maciji mai dafi, zai haƙa ramin da ya fi nasu zurfi ya tashe su sama. Wato tun bai bar Denmak ba ya ƙulla musu. F ba shi da waɗannan layuka. A F sai cikin jirgin ruwa, da dare, barci ya ƙi zuwa, ya lalubo wasiƙar ya ga hukuncin kisansa, nan take ya sake rubuta ta. Da Horatio ya nuna damuwa a kan makomarsu, F ya ba Hamlet layi ɗaya da Q2 bai da shi, cewa ai su suka nemi aikin da ƙafarsu. F ya kuma ƙara wani yanki a wannan fitowar inda Hamlet ke cewa lokacin da ya rage nasa ne, kuma yana nadamar abin da ya yi wa Laertes a bakin kabari. Kowanne bugu ya tsaya da ƙafarsa: a ɗaya mai shiri ne tun da wuri, a ɗayan mutum ne da ya ga ƙaddara ta ja hannunsa, daidai da abin da yake gaya wa Horatio. Idan aka haɗa su, sai a samu Hamlet ya sanar da makirci a kashi na 3, a kashi na 5 kuma ya ba da labarin kamar abin ya zo masa ba zato. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi cewa hannun mai tunani ne ya bi ta kan F, kuma babu wanda ya fi cancanta a zata sai marubucin kansa, wanda yake cikin ƙungiyar 'yan wasan, yake da hannun jari a cikinta.

Wasu abubuwan da F kaɗai ke da su ta yiwu tsofaffi ne da aka cire daga Q2. Maganar da Hamlet ya ce Denmak kurkuku ce, da habaicin da aka yi wa ƙananan yara 'yan wasa masu ƙwace wa manya kasuwa, duk babu su a bugun 1604. A 1603 Sarki James ya hau gadon Ingila, matarsa Anne 'yar sarkin Denmak ce, kuma a 1604 ƙungiyar yaran ta koma ƙarƙashin inuwarta. Zato ne, amma zato mai tushe. Akwai kuma ƙananan ƙari masu ƙamshin bakin ɗan wasa, kamar harafin O guda huɗu da F ya sa bayan kalmar Hamlet ta ƙarshe. Harold Jenkins, a bugunsa na 1982, ya ɗauki irin waɗannan a matsayin cushen dandamali ya fitar da su.

Matsalar Q1

Heminges da Condell sun yi gargaɗi a gabatarwar foliyo game da kwafe-kwafen sata da aka nakasa. A 1909 A. W. Pollard ya laƙaba wa wasu ƙananan bugu sunan munanan kwato, Q1 na cikinsu. Duk wanda ya karanta sanannen zancen nan na a rayu ko a mutu zai ga dalili: inda Q2 da F suka ce "that is the question", Q1 ya ce "I there's the point", jimlolin da suka biyo baya kuma wasu ba su da kai. Amma ma'anar ma ta sauya. A Q2 da F tsoron abin da ke bayan mutuwa ne ke hana mutum kashe kansa. A Q1 akwai alƙali madawwami, masu rabo na murmushi, la'anannu na shan azaba, kuma fatan wannan sakamako ne ke sa a jure zaluntar gwauruwa da maraya.

Bayanin da ya daɗe yana rinjaye, wanda G. I. Duthie ya shimfiɗa a 1941, shi ne wani ƙaramin ɗan wasa ne ya zauna ya tuno wasan da ka. An fi zargin wanda ya fito a matsayin Marcellus, ɗaya daga cikin masu gadin fada, domin duk lokacin da Marcellus ke kan dandamali rubutun na tafiya kusan daidai da F, da ya fita sai ya fara tangaɗi. Jawabin jakada Voltemand ma ya zo kusan kalma da kalma.

Mantuwa ba ta bayyana komai ba. A Q1 babban bafaden sarki Corambis ne sunansa, ba Polonius ba, baransa kuma Montano maimakon Reynaldo. Wani tsohon Hamlet na Jamusanci, da aka buga a 1781 daga rubutun hannu na 1710, shi ma Corambus ya kira shi. Zancen a rayu ko a mutu da haɗuwa da Ophelia, 'yar Polonius da Hamlet ke so, sun zo da wuri, kafin isowar 'yan wasan yawo, jerin da masu shirya wasa da dama ke ara har yau don ya fi miƙewa. Sarauniya ta rantse wa ɗanta ba ta san da kisan ba, ta kuma yi alkawarin taimaka masa, alhali a Q2 da F an bar mai kallo cikin shakka. Akwai fitowa sukutum tsakaninta da Horatio da babu ita a sauran biyun. Mai haƙa kabari a Q2 ya ce shekararsa 30 a aikin, tun ranar da aka haifi Hamlet, ƙoƙon kan Yorick, mai barkwancin fada da ke wasa da Hamlet yana yaro, kuma shekara 23 a ƙasa. A Q1 shekara 12 ce, ba a ambaci 30 ba, sai yariman ya koma matashi sosai. Waɗannan aikin mai tsari ne. Laurie Maguire ta nuna a 1996 cewa ma'aunan da ake gane tuno-da-ka ba su da ƙarfin da aka ɗauka. Wasu na ganin masu rubutu ne cikin 'yan kallo suka kwafo shi ana cikin wasa, wasu kuma sun ce daftarin farko ne, tunda Thomas Nashe ya ambaci wani Hamlet tun 1589, Philip Henslowe kuma ya rubuta an yi shi a 1594.

Ko ta wace hanya ya zo, Q1 ya ga dandamali. Shi ne ya ce fatalwar uban Hamlet ta shigo ɗakin sarauniya da rigar barci, Ophelia ta fito tana kaɗa garayar Turawa gashinta a sake, Hamlet ya yi tsalle ya bi Laertes cikin kabari. Kuma yawancin manyan yankunan da F ya rasa, har da zancen zucin kashi na 4, Q1 ma ba shi da su, abin da ke nuna tun 1603 sigar da ake yi a gaban jama'a ta fi kusa da F.

Daga ɗinki zuwa warwara

Nicholas Rowe a 1709 ya dogara da foliyo na huɗu, ya cuso wasu yankuna daga wani kwato na baya. Alexander Pope da Lewis Theobald suka ƙarasa, har gaurayen ya zama shi ne Hamlet a idon duniya, kuma shi Kenneth Branagh ya ɗauka a fim ɗinsa na 1996 mai awa huɗu. A 1986 Stanley Wells da Gary Taylor na Oxford suka bi F, suka tura abin da Q2 kaɗai ke da shi zuwa rataye. A 2006 Ann Thompson da Neil Taylor suka fitar da ukun daban-daban a jerin Arden, Q2 a juzu'i ɗaya, Q1 da F a na biyu. Wannan ya fi gaskiya, ko da yake ya fi tsada ga ɗalibi.

Gane wanda ke hannunka ba wuya. Buɗe kashi na 2, fitowa ta 2, ka nemi inda aka kira Denmak kurkuku. Sai ka je kashi na 4, fitowa ta 4, ka ga ko Hamlet ya yi dogon zance bayan wucewar runduna. In na farko ne kaɗai, F kake karantawa. In na biyu ne kaɗai, Q2 ne. In duka suna nan, gauraye ne, kuma ƙananan rubutun da ke ƙasan shafi su za su gaya maka daga ina edita ya ɗebo kowace kalma. Lambar layi ma tana bin wannan bambanci, don haka mai kafa hujja da kashi na 2 ko na 5 sai ya faɗi bugun da editansa, in ba haka ba wanda ya bi lambar zai iya sauka layi 30 nesa da inda ake nufi.